Sunana Na Sa Wa Jikata, Jami'a Ta Ce Ba Ta San Zancen Ba

Malama mai wannan fili,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Hannun nan ya shekara talatin da huɗu yana rubuta wasiƙun ofis ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba, yau ga shi tsufa ya cim masa. Ni tsohon akawu ne na ma'aikatar ruwa, shekaruna tamanin ba ɗaya. Mai ɗakina ta rasu shekara huɗu ke nan. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki biyu, daga ni sai rediyo da akwatin ƙarfe da nake ajiye takardu. Abokan zamanina duk sun riga ni, saura guda, shi ma ba ya gane mutane.

Ina da jika mace, shekararta goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe a sakandare. Tana zaune wajen innarta, wato autata, wadda ke aikin jinya. Duk ranar Asabar takan zo ta share mini ɗaki, ta jera mini magungunan mako a ɗan akwati mai gida bakwai, mu yi ta tsiya. Ina ce mata Amarya mai ƙona shayi, tana ce mini Akawu mai biro uku, wai don ba na fita sai da biro uku a aljihun gaba. Daga jera maganin nan ne ta ce ita ilmin harhaɗa magunguna za ta karanta. Kuma tana da kai, ba don tawa ce ba.

To, makonni biyu da suka wuce makarantarsu ta aiko cewa mutanen jami'a za su zo su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin yadda ake neman shiga, ana son iyaye su halarta. Innarta tana bakin aiki, sai ni na shirya. Na goge takalmi, na ɗauko fayil ɗin yarinyar da na adana tun daga katin rigakafi, har da wasiƙar neman gurbi da na tsara mata da hannuna, irin wadda aka koya mana, mai buɗewa da girmamawa, mai rufewa da biyayya. Matakala goma sha takwas ne zuwa zauren taron. Na ƙirga su, domin sau uku na tsaya ina hutawa.

Su uku ne suka zo, da riguna iri ɗaya. Wata matashiyar malama ce ta yi yawancin bayanin, tana haska rubutu a bango, kafin in gyara tabarau ta canza shi. Malama, ni na yi Turanci a hannun malaman da ke bulala a kan waƙafi ɗaya, amma rabin abin da yarinyar nan ta faɗa ya wuce ni. Fanka tana ƙara, yara suna shewa, ita kuma tana gudu kamar ana korarta. Na fahimci dai yanzu ba a aika wasiƙa, komai ta na'ura ake cikawa. Na sa hannu na danne tawa a cikin fayil. Da na nemi takardar da zan tafi da ita gida in karanta a natse, sai aka nuna mini wani zane a bango mai kama da kashin ƙuda, wai in ɗauke shi hoto da waya. Wayata ta dannawa ce, kira kawai ta sani.

Duk wannan da sauƙi. Can sai ta ce kowa ya duba takardunsa, wanda sunansa na takardar haihuwa ya saɓa da na rajistar jarrabawa, na'ura za ta tofar da shi ko da ya fi kowa maki. Na ji jikata ta daina motsi a gefena.

A nan ne zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Uwar yarinyar nan ita ce 'yata ta fari, ta rasu yarinyar tana shekara shida. Uban ya sami aiki a wani gari, ya bar mana ita, ya yi wani auren. Bayan shekara uku ya zo zai ɗauke ta. Mai ɗakina ta yi ta kuka, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa maganganun da ko kare ba zai ci ba. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, hakkinsa ya zo nema. Ya sunkuyar da kai ya tafi. Yau shekara takwas ban ji muryarsa ba, sai dai ta wajen autata yake tambayar 'yarsa. Da za ta shiga sakandare ni na cika fom. Na zo gurbin suna na biyu, na ɗaga biro, na rubuta nawa maimakon nasa. A zamaninmu ba wani abu ba ne, wanda ya riƙo hannunka ya kai ka makaranta shi hedimasta ke rubutawa. Ni kaina sunan kawuna nake amsawa har na yi ritaya, ba wanda ya taɓa tsare ni. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, akwai son zuciya. Ban haifi namiji ba. Na so ko sau ɗaya a kira sunan nan a zauren jami'a, inda ni ban samu na taka ba.

Na ɗaga hannu a taron. Aka miƙo mini lasifika, na fara da gaisuwa da gabatar da kaina yadda ya dace, ban kai ga tambayar ba ɗaya daga cikinsu ya fara duba agogo. Na ce a da fayil gaban mutum yake zuwa, mutum ya karanta, ya kira ka ya ji uzurinka. Malamar ta yi murmushi ta ce, Baba, na'ura ba ta san uzuri ba. Zauren ya ɗauki dariya. Jikata tana jan gefen rigata tana cewa Kaka zauna, don Allah zauna. Ba ta ce Akawu ba.

Na bi su har bakin mota da sandata. A nan dai, ban hana ta hakkinta ba, malamar ta tsaya ta saurare ni. Ta rubuta mini a bayan wata takarda cewa sai an yi rantsuwa a kotu sunayen biyu na mutum ɗaya ne, da sa hannun uban da kwafin katin shaidarsa, tunda yarinyar ba ta cika sha takwas ba, sannan a zaɓi suna ɗaya da za ta ci gaba da shi. Ta ƙara da lambar wani ofis. Ƙarshen watan nan ake rufewa. Yau saura kwana goma sha tara.

Abin da ke ci mini rai, ina mutanen nan suke shekara shida? Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Da sun zo tun yaran suna ajin farko, da an gyara ba wanda ya ji. Sai da aski ya zo gaban goshi za su zo da majigi da raha, su jefa wa mutum dutse su hau mota. Kuma wace irin jami'a ce za ta bar ƙarfe ya yanke wa 'yar mutane hukunci? Na zauna na tsara ƙorafi shafi huɗu zuwa ga magatakardan jami'ar, sakin layi goma sha biyu, kowanne da lambarsa. Autata ta karanta ta ce, Baba, wa zai karanta wannan? Kira uban yarinyar kawai.

In kira shi in ce me? Ni da na kore shi, ni zan durƙusa masa, kuma in ba shi da hannuna abin da zai kankare sunana?

Asabar biyu ke nan yarinyar ba ta zo ba. Ta farko na zauna a bakin ƙofa har rana ta karkata. Ta biyu innarta ce ta biyo ta ajiye mini akwatin maganin a cike, kowane gida da 'yar takarda an rubuta safe ko yamma da manyan baƙaƙe, rubutun yarinyar ne, na san shi. Ta ce mini wai karatu ya yi mata yawa. Ni dai na san ta tsane ni, kuma ban ga laifinta ba.

Malama, in aika ƙorafin? Ko akwai hanyar da za a bi ba sai an nemi uban ba? Ki amsa mini da wuri, kwanakin suna tafiya.

Naki,
Tsohon Akawu

*

Baba Akawu,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma rubutunka ya fi na mutane da yawa masu ƙuruciya fita. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Ƙorafinka a kan mutanen jami'a yana da tushe. Irin wannan bayani ya kamata ya isa makarantu tun yara suna ƙananan azuzuwa, a yi shi a natse, a raba takarda ga wanda ba shi da babbar waya. Dariyar da aka yi maka ma ba ta dace ba. Amma Baba, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Malamar nan ba ita ta haddasa matsalar ba, tono ta kawai ta yi, tun da sauran lokaci. Da ba su zo ba, da sai bayan an rufe za ku sani. Kuma ita ce ta tsaya a bakin mota ta rubuta maka mafita.

Shafi huɗun nan ka mayar da su akwatin ƙarfe. Idan an gama komai, ka rage su zuwa ɗaya, ka aika wa makarantar da jami'ar a matsayin shawara, wataƙila su amfani jikokin wasu. Yanzu ba za su shigar da taka ba.

Ga abin yi. Gobe autarka ta kira lambar da aka ba ka, ta kuma ga malamin da ke kula da rajista a makarantar, a tabbatar da ainihin takardun da ake so da kwanakin da kowacce ke ɗauka. Ƙa'idoji sun bambanta, kada ku dogara da zato, nawa ko naka. Ku ɗauka kwana goma gare ku, domin kotu da ofis ba sa sauri don wani.

Hanyar kauce wa uban kuwa, ko da akwai, ba zan nuna maka ba. Da bakinka ka ce hakkinsa ya zo nema. Ka riƙe masa 'ya, ka tarbiyyantar da ita, wannan alheri ne da ba zai iya biyanka ba. Amma ka kuma cire sunansa ba da saninsa ba, ka san ɗa na ubansa ne. Mutumin da ka kora ya sunkuyar da kai, ya shekara takwas yana tambayar 'yarsa ta bayan fage bai kai ka ƙara ko'ina ba, ban ga alamar zai wulaƙanta ka ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan surukinka ne, uban jikarka. In murya za ta gagara, kai akawu ne. Rubuta masa layi biyar, ba lamba, ba sakin layi: na yi kuskure, ka yafe mini, 'yarka tana bukatar sa hannunka kafin ranar kaza. Auta ta ɗauki hoto ta tura masa a yinin.

Batun sunan da za ta ci gaba da shi, ba kai za ka yanke ba. Kira ta, ka faɗa mata gaskiyar da ka faɗa mini, ka ce duk wanda ta ɗauka ka yarda, kuma ka faɗe shi har zuci.

Ka ce ta tsane ka. Baba, sake duba akwatin maganin nan. Mai ƙiyayya ba ya zama ya yanka 'yan takardu ya rubuta safe da yamma da manyan baƙaƙe don kada idon tsoho ya ruɗe. Yarinyar nan tana bukatar ubanta, tana kuma tsoron ta faɗa maka ta karya maka zuciya, shi ya sa take ɓuya. Kai ne babba, kai za ka sauke mata wannan kaya. Kada ka jira Asabar.

Kana son a ji sunanka a jami'a. Wadda ta koyi jera magani a ɗakinka, duk sunan da aka buga a takardarta, ta san inda ta faro, kuma za ta faɗa wa 'ya'yanta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya daidaita tsakaninku, ya nuna maka ranar da Amarya za ta shigo da takardar shiga jami'a, ka zaro biro ɗaya cikin ukun nan ka duba mana ko akwai kuskure a Turancinsu.