Yunwar Luka

Samaru, Maris 1956

Zuwa ga yayata Salome,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya yara, yaya maigidan?

Kin tambayi jikin mijina Luka. Ba zan ɓoye miki ba, ya rame ƙwarai. Ciwon bayan da ya raba shi da aikin gonar gwaji ya sauko ciki. Likita ya ce lakar bayansa ce ta taɓu, shi ya sa tumbinsa ya daina tura abinci gaba. Tuwon jiya shi yake amayarwa yau. Rabon da ya ce yana jin yunwa har na manta.

Za su yi masa aiki, su buɗe wa abinci wata hanya daga tumbi zuwa hanji. Wansa Ɗanmaraya ya zo ya yi ta faɗa, wai ba a taɓa farke ɗan gidansu kamar akuya ba. Luka, da ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi, ya ce ya ji, amma ba zai mutu da hatsi a rumbu ba. Ban taɓa ganin ya musa wa wansa ba. Ina tsoro, Yaya, amma ya burge ni.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Tabita

Sabon Gari, Afrilu 1956

Yaya Salome,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida duka. Da fatan zafin bana bai dame ku ba.

An yi aikin, an sallame mu. Muna gidan ƙawata Modupe mai ɗinki, don ya fi kusa da asibiti. Innarmu ta zo taya ni jinya. Ƙafafunsa dai suna nan yadda suke, ba sa motsi, likita bai yi mana alkawari a kansu ba.

Kin san Luka da kunya. Tun aurenmu ko ruwa bai taɓa sha a gaban Inna ba, in ta shigo ma rasa inda zai sa kansa yake. To jiya da hantsi tana zaune bakin gado, sai mutumin naki ya buɗe baki ya ce yunwa yake ji, a ba shi koko. A gaban surukarsa! Na zabura zan fitar da ita, ta ƙi tashi. Bango ta juya wa fuska don ya sake, tana jin ƙarar ludayi tana share hawaye da bakin zane. Ya shanye tas, bai amayar ba, da yamma kuma ya nemi ƙari.

Ki faɗa wa Ɗanmaraya, ki faɗa wa kowa a ƙauye: mijina ya yi rashin kunya, kuma duk Zariya ba matar da ta kai ni alfahari.

Ki huta lafiya.

Taki,
Tabita