Saƙon Sadiku

Laraba da dare, Kutama.

Ƙirjina ya yi nauyi yau, ƙafafun ma sun kumbura. Maganin tarina ya ƙare, kuma ba ni na shanye shi ba.

Jiya jikana Sadiku ya kawo min tuwo. Na tsokane shi na ce, "Malalaci, me ya ramar da kai haka?" Bai rama tsokanar ba. Ya durƙusa ya ce, "Kaka, ni nake shanye maka magani. Har ƙwaya nake sha, na kasa bari. Ba zan iya gaya wa Baba ba. Kai ka gaya masa."

Ni? Ubansa ɗan farina ne. Ko sunansa ban taɓa kira ba, balle mu zauna mu yi hira. Ƙanena da yake isar da magana tsakaninmu ya rasu.

Duk da haka na aika Kabo a ce ya zo. Na shimfiɗa tabarma, na wuni ina maimaita yadda zan fara. Wataƙila bai yarda ni na aika ba, tunda ban taɓa yi ba.

An idar da isha'i, na naɗe tabarmar. Bai zo ba.