Ba a Wanke Jini da Ruwan Zafi

Litinin, 11 ga Fabrairu, 1527

Jiya Sarki Amori ya cika, bayan kwana uku yana jinyar faɗuwar doki. Yau muka rufe Baƙuwa a ɗakin takaba. Bango duk baƙin yadi, tagogi a toshe, kyandir biyu kacal. Ita kuwa fari daga kai har ƙafa, yadda matan sarakunan Montaren suke yi tun kaka da kakanni. Kwana arba'in. Kowa ya san ba don kuka ba ne, so ake a ga ko marigayi ya bar ciki.

Ni aka ɗora wa dubawa, tunda makullan kayan lilin na gidan nan a ƙuguna suke shekara talatin da ɗaya. Shimi goma sha biyu aka ɗinka mata, kowanne da lambarsa a wuya da jan zare. Ranar arba'in zan shimfiɗa su gaban majalisa a ga ko jinin al'ada ya taɓa su, in dafa Linjila.

Sarauniya Odila ce a bakin mutane. A raina Baƙuwa ce tun da aka kawo ta daga arewa shekara takwas da suka wuce. Har yau "ke mai wanki" take ce mini.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Tibo, ƙanen marigayi, ya shigo ɗakin kaya da hantsi, ya zauna kan akwati kamar da. Nonona ya sha, don haka ba ya mini sarauta in mu biyu ne.

"Inna, har yanzu ɗakin nan ƙamshin sabulu yake. Kin tuna ranar da na fasa hanci, na tsoma rigata a tukunyar ruwan zafi, kika ja mini kunne?"

Na ce na tuna, kuma kunnen bai ja daɗi ba tunda har yau yana nan.

Ya yi dariya, sannan ya zo kan magana. In babu ciki, sarauta tasa ce, mace ba ta gado a nan. Baƙuwa za a kai ta gidan zuhudu na kan dutse, ƙofar da ba ta buɗuwa ta baya. Maho, 'yarta, ta koma hannun matarsa Berta. "Gaskiya kawai nake nema, Inna. Fari ai ba ya ƙarya."

Na ce ni ma ba na yi.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Baƙuwa ta ƙi abinci, wai miyarmu ruwan wanke kwano ce. Yunwa za ta koya mata.

Laraba, 20 ga Fabrairu

Sau ɗaya a yini ake barin Maho ta shiga, ni ke raka ta. Shekararta shida, haƙorinta na gaba yana girgiɗi, ta ƙi a taɓa. A matakala ta ce, "Kaka, laifin me Mama ta yi aka sa ta a duhu?" Na ce ta je ta tambayi gemun babban limamin coci, shi ya san komai. Ta ce gemun nan wari yake. Na ce ta rufe mini baki, amma gaskiyarta.

Uwar ta zaunar da ita tsakanin ƙafafu tana taje mata kai, tana wata waƙa da yarensu. Da na ce lokaci ya yi, ta sake ta. Gashin da ya maƙale a matajin ta kwashe ta sa a ƙirji.

Talata, 26 ga Fabrairu

Ta tambaye ni yaushe ƙanƙara ke narkewa a mashigin dutse. Na ce, ranki ya daɗe, ni mai wanki ce, ina ni ina dutse. Alhali na sani: Mayu. Na kuma san dalilin tambayar. Kafin Mayu mutanen yayanta ba za su iya ƙetarowa su tafi da ita da 'yarta ba. In majalisa ta yarda da zaton ciki, dole a dakata, ba mai raba su. In ba haka ba, kafin yayan nata ya ɗaura sirdi an gama.

Ba ruwana. Ido aka ba ni aro.

Asabar, 2 ga Maris

'Yata Alis da yau shekararta talatin da ɗaya. Makonta uku aka kai ta ƙauye don in shayar da Tibo, haka ake yi. Nonon akuya bai karɓe ta ba. Wasiƙar rasuwarta ta zo ina yi masa wanka, na ƙarasa wankan.

Ban san me ya tono mini wannan ba. Ɗakin nan ne mai duhu.

Laraba, 6 ga Maris

An shiga babban azumi, an shafa mana toka a goshi. Kifin gishiri har Ista. Gwiwata ta dame ni.

Juma'a, 8 ga Maris

Shi ke nan.

Da safe na shiga da wankakken shimi, sai na ga tururi. Tana durƙushe gaban murhu, butar ruwan zafi a gefe, hannuwanta jajir, tana cuɗa shimi na bakwai a kwanon wanke fuska. Baƙonta na wata ya zo. Babu ciki.

Na fizge na ɗaga a gaban kyandir. Tabon ya kai tafin hannu, ya riga ya dafu cikin zaren. Raina ya ɓaci har na manta da wa nake magana.

"Wa ya ce miki ana wanke jini da ruwan zafi? Ruwan sanyi da gishiri! Ko 'yar ƙauye mai shekara goma ta san wannan. Da kin bar mini, da yanzu ya fita tas. Kin dafa shi, ba zai fita ba har abada."

Ta ce, "Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ban taɓa wanke komai ba, Giyemet."

Giyemet. Da wannan harshen nata mai nauyi, amma shi ne. Na ce ashe kin san sunana. Ta ce tun ranar farko ta sani, tsoro take kada ta faɗa ba daidai ba in yi mata kallon nan nawa. Wane kallo kuma?

Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da abin ya zo mini da sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Zuwa Mayu," ta tsoma hannuwan a cinya tana kaɗuwa. Na lulluɓa mata bargo don kada ta mutu a hannuna a ce ni ce.

Sai da na sauko na tuna abin da bakina ya faɗa: da kin bar mini.

Litinin, 11 ga Maris

Ina kai mata tsumma a ƙasan kwando, ina ƙonawa a murhun wanki. Wannan ba ƙarya ba ce, tsabta ce.

Na bakwai kuwa: ruwan toka, gishiri, kindirmo, shanya a sanyi. Ya dishe, yana nan. Ba a iya canza shi, ragowar yadin na wurin Berta a kulle, lambar ma ɗinkin hannunta ne. In ya ɓata, ɓatan ma shaida ce.

Lahadi, 17 ga Maris

Tibo ya aiko mini da mayafin lilin mai laushi, irin wanda ban taɓa sawa ba sai dai in goge wa wasu. Yaron kirki ne, zai yi sarki nagari, na yarda. Ba shi ya kafa al'adar ba.

A coci na faɗa wa fada, limaminmu, zunubaina: fushi, gulma, man shanu da na lasa cikin azumi. Nan na tsaya.

Haƙorin Maho ya fita. Ta kai wa uwarta a dunƙule a hannu.

Laraba, 20 ga Maris

Hannun hagu, da babban almakashi. Ya fi yadda na zata zafi. Na danna raunin a kan tabon har jinina ya rufe shi, ya wuce. Sannan na ɗora buta.

Juma'a, 22 ga Maris

An yi.

Na shimfiɗa goma sha biyun kan dogon teburin majalisa. Berta ta bi su ɗaya-ɗaya, ta tsaya kan na bakwai. "Wannan fa?"

Na ce jinina ne, ranki ya daɗe, almakashi ya zame ina yanke zare. Na kwance ƙyallen na nuna. Wani dattijo ya kau da kai. Babban limami ya turo Linjila, na dafa da na dama na ce, na rantse jinin da idonku ke gani nawa ne. Ƙasa ba ta tsage ba.

Berta ba wawuya ba ce. Ta ce a kawo ruwa a wanke, a ga abin da ke ƙarƙashi. Na ce ai na riga na wanke, cikin ruɗewa na zuba masa ruwan zafi, ya kama. Masu wankin da na horar suna tsaye a bakin ƙofa, na ji ɗaya ta ƙyalƙyale.

Tibo bai yi dariya ba.

"Ke, Inna? Ruwan zafi?"

"Tsufa ne, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona. Kalma ɗaya ta ishe shi, rantsuwar ƙarya a nan igiyar rataya ce. Na ga ya shafa kunnensa, ban san ko ya san ya yi ba. Sannan ya ce wa majalisa babu shaida, a dakata har ciki ya bayyana ko ya ƙi. Ya juyo.

"Tunda tsufa ya zo, a karɓi makullan. Ki huta, Giyemet."

Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa kiran sunana ba sai yau. Na kwance su da hannu ɗaya, da ƙyar.

Litinin, 25 ga Maris

Ina gidan ƙanwata bayan ganuwa. Hannun ya kumbura, ta ɗaure mini da zuma. Ƙuguna babu nauyi, sai in riƙa laluba ina neman abin da babu.

An buɗe wa Baƙuwa tagogi, in ji mai renon Maho, yarinyar kuma a gadonta take kwana. Daga ƙofarmu ana hango mashigin dutse. Fari fat har yanzu. Kowace safiya nakan leƙa, don in san ko za a yi shanya ne kawai.

Baƙon zai dawo farkon Afrilu, kuma ba na nan. Na yayyaga mayafin da Tibo ya ba ni, ya yi tsumma ashirin masu kyau, dama ya yi mini laushi da yawa. Mai renon za ta shigar da su cikin kayan Maho, ita ma uwa ce. Na sa 'yar takarda a tsakiya, don na san halin kan nan nata: "A ƙona, kada a wanke. In dole ne, ruwan sanyi, 'yata."

Sai da matar ta tafi na ga abin da na kwafa a nan. Alƙalami ne ya zame. Ba zan kankare ba, takardar ba ta da ƙwari.