Wayar Ƙasa a Kan Fenti

Litinin, 3 ga Maris
Injin rufe kwalabe ya tsaya sau biyar yau. Tun da aka kafa sabon moton lantarki kusa da shi saƙo ke yankewa tsakaninsa da ɗakin sarrafawa. Manaja ya ce laifin Baba Dogo ne mai kula da injin, wai tsufa ke sa shi danne-danne. In bai daina ba, zai sallame shi. Mutumin da ya shekara goma sha tara a nan. Haba!

Talata, 4 ga Maris
Na buɗe akwatin wayoyi. Tir! An ɗaure wayar saƙo da ta wuta a ƙulli ɗaya kamar igiyar shanya, ga kashin ɓera ko'ina. Wane jaki ne ya yi wannan? Na raba su.

Laraba, 5 ga Maris
Ya sake tsayawa. Baba Dogo ya ce, "Injiniya, wallahi ko taɓa shi ban yi ba."

Alhamis, 6 ga Maris
Na bi wayar ƙasa, wadda ke kwashe ɓatacciyar wuta, har inda aka ɗaure ta jikin ƙarfe. A kan fenti! Ko kankarewa ba a yi ba, ta ina wuta za ta bi? Na zazzaga zagi har masu shara suka juyo. Sai idona ya kai kan 'yar takardar da ke jikin wayar. Rubutuna ne. Na tuna, shekara shida ke nan, baƙi za su zo zagaye, aka shafe komai da fenti, ni kuma na ɗaure ta haka nan ina sauri. Sabon moton ne ya tona asirin.
Abincin rana ya ƙi shiga.

Juma'a, 7 ga Maris
Na kankare, na sa sabon noti, na auna. Inji lafiya lau har aka tashi. Manaja ya ce, "Tsohon ya ji wuta ne ya natsu. Duk da haka Litinin zai tafi." Na bar laifina a kan tsohon. Kaina nake ƙyama.

Litinin, 10 ga Maris
Na ja manaja har gindin ƙarfen. "Yallaɓai, karanta." Abin da ya faɗa mini ba zan rubuta ba. Takardar gargaɗi tana aljihuna, Baba Dogo yana kan injinsa.
Da la'asar na buɗe akwatin inji na biyu. Shi ma kaca-kaca. Har kalmar "jaki" ta zo bakina, sai na fara duba rubutun tukuna.