Ƙarfen da Nake Ba Ruwa a Shekarar Fari

Daga: Ɗanmusa Labbo,
Mai Ruwan Sanyi, Bakin Kasuwa, Isa.
22 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Duba Aiki,
Ƙungiyar Masu Aikin Waya ta Gabashin Gobir,
Sabon Birni.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: AIKIN WAYAR DA MALAMI MAI WAYA YA YI MINI, DA ABIN DA YA JAWO WA GIDANA

Bayan gaisuwa da ban girma, da addu'ar Allah shi kawo mana ruwa bana, ina neman izinin gabatar da kukana a kan ɗan ƙungiyarku mai suna a sama, wanda ya ja mini wayar wuta a shago ranar Litinin, 14 ga Janairu, domin firizar da nake sayar da ruwan sanyi da ita.

1. Takardar ƙa'idarku, wadda Malami da kansa ya karanta mini da alfahari, ta ce a bar aƙalla inci shida na waya cikin kowane akwatin soket, domin mai gyara ya sami abin kamawa. Ranar 9 ga Maris soket ɗaya ya ƙone, na kira Alhassan, wani mai gyara. Yana kwance sukuru, wayar ta koma cikin bango kamar ƙadangare ya ga yara. Abin da Malami ya bari bai kai gaɓar yatsa ba. Ban ce na san inda ragowar ta tafi ba. Na dai lura 'yan matan gidansa su huɗu duk sun yi sababbin warwaro na jan ƙarfe a wannan wata, kuma sun yi musu kyau.

2. Ƙa'idar ta ce koriyar waya, wadda ke kwashe ɓatacciyar wuta ta kai ta ƙasa, a ɗaure ta da sukuru a jikin akwatin ƙarfe. A akwatuna biyu cikin uku, Alhassan ya same ta a naɗe a kusurwa tana hutawa, ba ta riƙe da komai. Ya rasa tsawon da zai ɗaure ta da shi, ya wanke hannunsa ya tafi.

3. Akwati na uku, wanda firizar ke jone da shi, shi kaɗai koriyar wayarsa ta isa ga rodin ƙarfe da Malami ya kafa a rami bayan shago. Ya zuba wa ramin gawayi da gishiri tiya biyu, ya ce tunda ƙasa ta bushe, in riƙa ba rodin ruwa bokiti guda kowace safiya. Ranka shi daɗe ya san halin da rijiyoyi ke ciki. Wata biyu da rabi ina bin layi tun asuba domin in shayar da ƙarfe, alhali zogalen matata Hajo ya mutu a tsaye. Har yau mutanen kasuwa na tambayata ko ya fara tofo, da kuma yaushe za ni girbe.

4. Ranar Talata, 2 ga Afrilu, Atiku, wani makiyayi daga Burkusuma, ya biyo da shanunsa zai yi kudu neman ciyawa. Dabbobin da suka yi watanni ba su ga kanwa ba suka ji ƙanshin gishiri da danshi. Kafin in idar da sallar azahar sun lashe ramin tas, sun tumɓuke rodin, sun tsinka wayar. Ba ni da ƙara a kan Atiku, wanda ya ba ni haƙuri har da ƙwaryar nono. Shanun ma ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a binne gishiri taku biyu daga hanyar shanu, kuma rodin bai fi kamu ɗaya a ƙasa ba.

5. Washegari Hajo ta zo taimaka mini, ƙafa ba takalmi, ta kama murfin firiza. Wuta ta fizge ta ta maka da bango. Allah ya kiyaye, amma ta yini ba ta iya ɗaukar komai da hannun nan. Ranar 4 ga wata surukata Inno ta iso daga Tozai ta tafi da 'yarta. Ta rantse Hajo ba za ta dawo ba sai ta ga takarda mai hatimi da ke shaida cewa firizar ta daina cizo.

6. Ranar Asabar, 6 ga wata, Malami ya zo sanye da takalmin roba mai kaurin tafin raƙumi. Ya taɓa firizar da ɗan yatsa guda, ya bayyana cewa lafiyarta lau, wai mata ne da tsoro.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, cikin ladabi, da ya turo mai duba aiki, a sake jan wayar da cikakken tsawonta, a ɗaure koriyar a duk akwatunan, a nutsa rodin da zurfi nesa da hanyar shanu, a kuma ba ni takardar da Inno ke nema. Yau kwana goma sha takwas gidana shiru. Tuwon kasuwa nake ci, kuma ba tuwon ne ya fi damuna ba.

Idan kuwa Malami ya tsaya a kan cewa aikinsa ba shi da aibu, ba ni neman a hukunta shi. A umarce shi kawai ya tuɓe takalminsa, ya tsaya a kan jiƙaƙƙen daɓe, ya kama murfin nan da hannu biyu a gaban Inno. Ruwan jiƙa daɓen ni za ni kawo, ko da shi ne bokiti na ƙarshe a rijiyar Isa.

Allah shi ƙara girma, shi ja zamaninka.

Mai biyayya gare ka,
Ɗanmusa Labbo