Laifin Gefen Hagu Ne

Ajaratu, hasken idona, iskar teku mai sanyaya la'asar, wa ya gaya miki atamfa ta fi ni sanin abin da ke zuciyata?

Labarin bakin famfo ya iso gare ni. Kin baza zanen da na aiko miki gaban matan Zongo, kin ce na sallame ki, don sunan zanen wai "Kama Hanyarki". Gaskiya mai shagon a kasuwar Adawlato ta faɗa mini sunan da yaren Mina, har sau biyu. Kafin in tsallaka titi sunan ya zube mini.

Ga dalili, kuma ba ni na ƙirƙiro ba. A takardar Faransanci da aka naɗe mini burodi na karanta, ni da ban taɓa zama bencin lakwal ta boko ba: ƙwaƙwalwa gida biyu ce. Gefen hagu ya fi riƙe kalmomi da sunaye, na dama ya fi riƙe fuska da siffa. Sauran bayanin maiƙo ya cinye. Nawa na hagu rago ne, ban musa ba. Waƙoƙin jam'iyya da ake tara mu mu rera ma, shekara uku ke nan baki kawai nake motsawa.

Amma na dama, ya tauraruwata, ya ruwan farkon damina! Tambaye shi ranar sunan ɗiyar yayarki. Kallabinki kore, ya karkace kan kunne ɗaya. Lalle bai kama ƙaramin yatsanki ba. Kika yi dariya kika rufe wushiryarki da bayan hannu, tun ranar ban sake zama mutum ba. Me kika ce mini a wurin? Wallahi ban sani ba. Amma koren nan shago goma sha ɗaya na bi ina nema. Ido ne ya saya, Ajaratu, ba kunne ba! Wanda zai kori mace, yawon shago goma sha ɗaya yake yi cikin rana?

Yanzu wai ranar Juma'a kawunki zai maido goron da iyayena suka kai. Saboda tsumma mai suna!

Ni naki ne da gefen dama duka, da ɗan abin da ya rage na hagu, har ƙasa ta rufe su biyun.

Kada ki rubuto, zan manta abin da kika ce. A famfo kika kunyata ni, a famfo za ki amsa, gobe da hantsi, gaban matan nan. Ko ki fito ɗaure da zanen, ko ki miƙo mini shi hannu da hannu. Ki yi shi yadda zan gani da idona, don shi ba ya mantuwa.

Naki, da rai da mutuwa,
Alassani