Sun Hana Ni Gishiri, Alhali Sun Sani

Goggo Otilia, don Allah ki taimake ni da shawara tun ina iya neman ta. Da yatsa ɗaya nake latsa wayar nan, in kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Nawa sunan ki ɓoye, amma nasu ki buga yadda suke, su gane kansu.

Tun ina budurwa nake sayar da abinci a kasuwar Tarapoto. Duk wanda ya taɓa cin juane ɗina, shinkafa da kaza a naɗe cikin ganye, ya san hannuna ba ya kuskuren gishiri. Bakina kuwa masu keken haya Rediyo suke ce mini, don magana ba ta kwana a cikina. Bara hannun hagu ya fara sakin ludayi, daga nan ƙafa ta soma ja. Maigidana Eleodoro ya kai ni asibiti a Lima, aka yi ta gwaje-gwaje. Ina can ina sa kaya likita ya tsare shi a ofis. Ya fito da murmushi, wai "Sanyi ne ya shige ki, tsohuwata, sanyin figar kaji da asuba. Sai mu nemi maganin gida." Na yarda. Mutumin da ko cin kifi a ɓoye bai iya ba, ina zan kawo zai yi mini ƙarya?

Na gida kuwa shi ne Yaya Nemesio, wana, mai maganin gargajiya a Chazuta, bakin kogin Huallaga. Shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma da idona na sha ganin an kawo masa mai ciwon gaɓoɓi a ɗauke ya koma da ƙafarsa. Ya ce sai na shiga tsarin magani. Kin san yadda ake yi: bukka a cikin daji, jiƙon saiwa da sassaƙe safe da yamma, ba gishiri, ba sukari, ba mai, ba barkono, sai dafaffiyar ɗanyar ayaba da ɗan kifi salam. Ba a hira da mutane kuma, wai itacen maganin yana da kishi. In jikina ya ɗauki rawa bayan na sha, sai ya ce, "Yawwa ƙanwata, ga sanyin nan yana fita, daure." Na daure. Kusan duk damina ina can, ni Rediyo, ina sauraren kwaɗi. 'Yata Marleni ta yi ta kira daga Santiago ana ce mata ina cikin magani.

Na dawo gida siket na zamewa daga ƙuguna, harshena ya yi nauyi, ruwa ma sai ya shaƙe ni. Ranar da loma ta tsaya mini a wuya har na ga lahira, aka sake kai ni Lima. Likitan yana ganina ya riƙe baki. Ya ce ina na shige? Ai ya gaya wa maigidana ciwon nan ne da suke kira ELA, wanda ke kashe jijiyoyin motsi kaɗan-kaɗan ya bar hankali garau, ba shi da maganin warkewa, kada a bari in rame, a dawo da ni a yi mini bayani. Na juya, Eleodoro yana kallon takalminsa. A mota ya amayar da sauran. Ashe tun ranar farko ya buga wa Yaya Nemesio ya gaya masa komai, shi kuma ya ce, "Kada ka faɗa mata, ka san ta, karaya za ta yi. Kawo mini ita."

Goggo, ba ciwon ne ya fi ƙona mini rai ba. Watannin nan su ne na ƙarshe da nake iya tauna abinci in yi magana har a gaji da ni, kuma su biyun sun sani. Da an gaya mini, da na ci duk abin da raina ke so, na kira Marleni ta zo na koya mata haɗin juane da ban taɓa faɗa wa kowa ba, na zagi wanda zan zaga, na nemi gafarar wanda zan nema. Yanzu shinkafa ba ta wucewa. Sun yanke mini hukunci kamar wata yarinya, sun cuce ni.

Tun daga motar nan ban sake cewa uffan ba. Suna zaton ciwon ne ya ƙarasa muryar, na bar su a haka. Gaskiya ina iya magana, kamar ta mashayi dai, da safe ta fi fita. Eleodoro yana kuka a bayan gida yana zaton ba na ji. Yaya Nemesio ya zo da sabuwar kwalba, yana zaune a baranda kamar mai jiran hukunci. Abin kunyar ma, gashin ganyen da yake yi mini yana kwantar da ɗaurewar ƙafar nan, kuma ina kewarsa. In ci gaba da shiru har ya zama gaske, ko yaya zan yi?

Rediyon Da Ta Yi Shiru, Tarapoto

'Yar'uwa, sannu, sannu ƙwarai.

Kina da gaskiya. Jikinki ne, lokacinki ne, ba wanda ke da ikon kashe miki shi a madadinki, ko da ƙauna ya yi. Kada kowa ya ce miki ai don ke aka yi, sai ki manta. An cuce ki, kuma ya kamata su ji haka.

Amma ki dubi ɗayan gefen. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, Eleodoro tsoro ne ya ci shi. Yayanki nasa ya fi nauyi, don ya san hannunsa bai taɓa gamuwa da irin wannan ba, duk da haka ya hana ki abinci. Sai dai ban ga mugunta a ciki ba. Na ga mutumin da ya saba warkar da baƙi, ya kasa yarda cewa ƙanwar da ya goya ce za ta gagare shi.

Batun kwalba: har yau ba a san wani ganye ko saiwa da ke warkar da wannan ciwo ba, na daji ko na kanti. Kada ki sha komai sai likita ya san mene ne, don wasu jiƙon suna taɓa hanta, kuma ruwa tsinkakke yana iya shaƙe ki. Tsarin hana abinci ya ƙare. Gashi da tausa kuwa, in suna sa ki barci, ki karɓa, ba kunya a ciki, kuma karɓar ba yafiya ba ce. Ki nemi a haɗa ki da masu kula da haɗiya da numfashi, su nuna yadda za a niƙa abinci ya yi kauri, mai mai, mai gishiri daidai bakinki. Ki kuma kafa doka: daga yau da ke likita zai yi magana, kina zaune.

Yanzu shirun nan. Kin ce sun cinye miki watannin magana. To waɗannan da suka rage, wa ke cinye su? Horon yana taɓa mijinki da yayanki, amma daga aljihunki ake biya, kuma ba za a mayar miki ba. Marleni ba ta yi miki laifi ba. A kira ta a makon nan, ki gaya mata gaskiya da bakinki, ta zo, ta ɗauki muryarki a waya kina koya mata girki kina yi mata faɗa.

Ban ce ki yafe ba, wannan naki ne, ya zo ko kada ya zo. Na ce ki yi magana. Gobe da safe, lokacin da harshen ya fi sauƙi, ki kira su biyun su zauna a gabanki. In zagi ne ya fara fitowa, bar shi ya fito, ina tabbatar miki ba abin da suka fi marmarin ji.

Allah ya sassauta miki, ya ba ki safiya masu yawa.

Goggo Otilia